Shekarar da Na Koyi Riƙe Bakina

Tun ina yarinya aka san ni da kaifin baki. In aka faɗa mini ɗaya sai na mayar da uku, kuma ta ukun ita ce mai shiga har ƙashi. A lokacin ina ɗaukar abin a matsayin baiwa. In faɗa ya haɗa wata 'yar gidanmu da wata a bakin rafi, ni ake rugowa a kira. Mahaifiyata ta rasu ina goye, goggona ce ta raine ni, ƙanwar mahaifina. Har na yi aure na haifi 'ya'ya uku ban taɓa zama na yi tunanin wannan hali ciwo ba ne, sai a shekarar da ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinmu.

An kwashe mu a manyan motoci, mu da tukwanenmu da awakinmu, aka sauke mu a wani fili gefen wani tsohon gari a ƙasar Bebeji. Aka yanka wa kowane magidanci inda zai yi gida. Mun baro rumbuna da tsamiyar ƙofar gidanmu, mun kuma baro maƙabarta, inda aka binne mahaifina shekara biyu kafin haka. Goggo, wadda a lokacin ta kusa saba'in kuma ba ta da ɗa a raye, gidana ta biyo.

Abin da ya fi damunmu a sabon wurin shi ne ruwan sha. Mazanmu sun haƙa rijiya har biyu, duka suka ci karo da dutse. Sai mutanen tsohon garin suka yi mana karamci, suka ce mu riƙa ɗiba a wata rijiya da ke bakin gari, bayan matansu sun gama. Rijiyar ta wani gida ce, kakan maigidan ne ya haƙa ta. Matar gidan doguwa ce, baƙa, ta girme ni da kamar shekara goma sha biyu, ita ma kuma ba a taka ta ta yi shiru. Ta haifi 'ya'ya biyar, huɗu sun koma tun suna ƙanana, saura budurwa ɗaya. Wannan labarin na ji shi a bakin mata tun makonmu na farko, na ajiye shi a raina kamar yadda na saba ajiye irinsa.

Wata safiya na makara da ɗora koko, yara suna kuka, sai na zura gugana kafin ta gama. Igiyoyinmu suka sarƙe. Ta ɗago ta dube ni, ta ce wa matan da ke wurin su ga ikon Allah, mutanen da ruwa ya koro sun zo su ƙarar musu da nasu, ko jira ba su iya ba. Aka yi dariya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, “Mu ruwa ya kore mu. Ke kuma wa ya kore miki 'ya'yanki huɗu, in ba ke kika lashe su ba?”

Kowa ya san abin da na jefe ta da shi, maita ce, kuma a gaban jama'a. Ta saki igiyar, gugan ya faɗa rijiya, ta juya ta shige gida ba tare da ta ɗauki tulunta ba. Ni kuwa na cika nawa na ɗauka, har ina jin kaina a sama.

Kafin azahar maigidanta ya aiko wa mai unguwarmu cewa daga ranar kada wani daga cikinmu ya sake zuwa rijiyarsu. Hakan na nufin sai bakin dam, tafiyar kusan awa guda, a dawo da ruwan da sai an tace shi da tsumma an bar shi ya kwanta. Matan unguwarmu suka daina yi mini magana. Maigidana, mutum ne mai sanyi, abin da kawai ya ce shi ne na sa ya kasa haɗa ido da mutane a masallaci. Duk da haka ina nan a kan cewa ita ta fara.

A kwana na uku ina dawowa daga dam na hango wata tsohuwa a gabana da ɗan ƙaramin tulu a ka, tana tafiya tana tsayawa. Da na matso sai na ga Goggo ce. Na ce ta sauke, wa ya sa ta wannan wahala ina raye. Ta ƙi.

Ta ce, “'Yar nan, ni na raine ki. Lokacin da kike ƙarama in kin mayar wa babba magana, dariya nake yi ina cewa kin yi wayo. Rabin laifin nan nawa ne, shi ya sa zan ɗauki rabin ruwan.”

Da zagina ta yi da na san amsar da zan ba ta. Na bi ta a baya har gida ina kallon yadda wuyanta ke rawa a ƙarƙashin tulun.

Da yamma tana kaɗi a gindin zana na zauna kusa da ita, na tambaye ta yadda zan yi. Ta ce ba za ta iya riƙe mini bakina ba, amma hali ana koyonsa ne kamar yadda na koyi kaɗi a wurinta, zaren ya yi ta tsinkewa kafin hannu ya faɗa. Ta ba ni abu uku in gwada. In riƙa fara gaida kowa, ko da wanda ba ya amsawa. Kada in ɗauki maganar wani gida in kai wani. Sannan in raina ya tashi, in nemi abin da hannuna zai yi kafin bakina ya yi nasa. Na tambaye ta kamar me, ta ce wannan ni zan nemo.

Abin da na nemo wa kaina shi ne gammo. In aka ɓata mini rai ina ɗauke da kaya, sai in sauke, in warware gammon, in sake naɗe shi a hankali, in ɗora, sannan in yi magana. In ba kaya a kaina, in kwance kallabi in sake ɗaurawa. Na lura kafin in gama naɗin, maganar farko da ta zo mini, wadda kullum ita ce mai dafi, ta ɗan ja baya, wata mai sauƙi ta sha gabanta.

Kwana huɗu kacal na yi zaren ya tsinke. Kajin maƙwabciyata suka watsa mini barkonon da na shanya, na leƙa ta kan danga na wanke ta tas, har da ambaton haƙoranta. Sai da na gama na tuna da kallabi. Na yini ina jin kunya, da la'asar na zaga na yi sallama na ba ta haƙuri. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni ko ba ni da lafiya ne. Irin wannan ta faru ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a watannin farko. Abin da na ɗora wa kaina shi ne duk wanda na cutar da baki, rana ba za ta faɗi ba sai na taka na je na same shi. Nauyin wannan takawar ya taimaka mini fiye da komai, don akwai lokutan da na yi shiru ba don Allah ba, sai don gudun in je ba da haƙuri.

Gidan mai rijiya kuwa, mun je ni da Goggo da mai unguwa, da ƙwaryar goro. Na durƙusa a tsakar gida na ce na yi ƙarya, na yi zalunci, a yafe mini. Maigidan ya karɓi goron ya ce matan unguwarmu su dawo su ci gaba da ɗiba. Matar ba ta fito ba. Daga cikin ɗaki ta ce kowa ya zo ban da ni, muddin tana numfashi gugana ba zai sake shiga rijiyar nan ba. Na ji maganar ta taso mini. Na kwance kallabina a gaban maza, abin da ya sa mai unguwa ya kawar da kai, na ɗaure, na ce na ji, kuma ta yi daidai.

Haka na zama ni kaɗai ce mai zuwa dam. Maigidana ya fara koyon kamun kifi a wurin wasu masunta da suka zo daga nesa, in zai dawo yakan ɗauro mini garwa biyu a keke, sauran ruwan da wanki kuwa ni ke zuwa. Hanyar takan haɗa ni da matar nan, don maigidanta ya kama garka a bakin ruwa yana noman albasa, ita ke kai masa abinci. Duk haɗuwa sai na rusuna na ce, “Yaya, ina wuni?” Ba ta taɓa amsawa ba. Damina ta zo ta wuce, na haifi ɗana na huɗu, aka yi kaka, ina gaishe ta tana wucewa kamar itace ne ya yi motsi.

Wata rana da rana tsaka, cikin bazara, ina wanki a wani lungu da duwatsu suka kare. Ba kowa a wurin. Sai ga ta ta gangaro da ƙwanukan abinci za ta ɗauraye. Na gaishe ta, ta yi banza da ni, ta shiga ruwa iya ƙwauri ta sunkuya. Ina cikin matse zane na ji wani irin ƙara, na waiga na ga ta kife a cikin ruwa, jikinta yana karkarwa, fuskarta a nutse.

Na ajiye jaririna a kan wanki na ruga. Ta fi ni tsawo da nauyi, sai da na kama ta ta hammata na ja da baya, muna faɗuwa muna tashi, kafin na fitar da ita kan yashi. Idanunta sun juye, kumfa tana fita a bakinta. Na gane farfaɗiya ce. A wancan zamanin mun yarda cewa duk wanda kumfar ta taɓa ya ɗauka, shi ya sa in mutum ya faɗi gudu ake yi a bar shi. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma na riga na jiƙe da ita, sai na juya ta a gefe, na ɗora kanta a cinyata, na yi ta karanta abin da na iya har jikinta ya saki.

Da ta farfaɗo ta ga a cinyar wa take, sai ta rufe ido. Can ta fara magana, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ciwon yakan zo mata sau ɗaya ko biyu a shekara, ba wanda ya sani sai mijinta da 'yarta. Ta ce an kawo kayan sa ranar yarinyar daga wani gida a Dangora, yaron da yarinyar suna son juna, in dangin suka ji uwar tana da wannan ciwo za su janye, kuma ba wanda zai sake zuwa.

Ta ce, “Ga shi Allah ya ba ki ni a hannu. Je ki faɗa.”

Na ce, “Yaya, ni ban ga komai ba sai matar da santsi ya kayar.”

Na ba ta busasshen zanena ta ɗaura, na wanke mata ƙwanukanta, na bari ta yi nisa kafin na taso.

Na zaci daga ranar za ta sauko. Sai abin ya ƙaru. Da can shiru take yi mini, yanzu kuwa in na gaishe ta sai ta tofar da yawu. Na fara jin maganganu suna dawo mini, wai ta ce ni maƙaryaciya ce, duk abin da na faɗa kada a yarda. Ni kuma ga magana a cikina kamar garwashi. Ban gaya wa Goggo ba, ban gaya wa maigidana ba. Akwai ranakun da nake tuƙa tuwo ina tsara yadda zan faɗe ta, da wurin da zan faɗa, da irin kallon da za a yi mata.

Saura mako uku bikin 'yarta aka yi suna a gidan wani ɗan unguwarmu da ya auri 'yar tsohon garin. Mata sun cika tsakar gida, namu da nasu, har da wata gwaggon angon da ta zo daga Dangora ganin dangin amarya. Na shiga da goyona na bi kowa na gaishe shi. Da na zo kan matar mai rijiya na rusuna, sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Ta ce, “Ku dube ta, mai ladabin ƙarya. 'Yar waɗanda suka gudu suka bar wa kifi kabarin ubansu. Kifin da mijinta ke kamowa ma, wa ya san abin da ya ci?”

Ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokacin ba. Maganar ta hau kan harshena a shirye, kalma biyar ce ko shida, ga kuma baƙuwar Dangora zaune a kan tabarma tana kallonmu. Na dubi matar mai rijiya, na ga leɓenta yana rawa. Sai na kai hannu na kwance majanyi, na zame yaron, na gyara masa zama, na ja zane, na sake ɗaurewa, na ƙulle.

Na ce, “Allah ya jiƙan mahaifina a inda yake. Allah ya jiƙan 'ya'yanki, Yaya, ya raya wadda ta rage.”

Na fita. A bayan gari na zauna a gindin wata ɗorawa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka kwashe mu. Abin da ya biyo baya ma bai yi daɗi ba. Wasu matan unguwarmu, waɗanda a da suka ƙaurace mini saboda bakina, su ne suka riƙa cewa na zubar musu da mutunci, an zagi iyayenmu duka na tsaya gyaran goyo. Goggo kaɗai ce ba ta ce haka ba. Da na dawo ta miƙo mini fura, ta ce ba ta san abin da na haɗiye ba, amma ta ga wucewarsa a maƙogwarona, kuma babba ne. Ba ta tambaye ni ko mene ne ba, har ta bar duniya.

Aka yi biki lafiya, aka kai amarya Dangora. Kwana biyu bayan haka, da hantsi ina tsince shinkafa, na ji sallama. Matar ce, da tulu a kanta. Ta wuce kai tsaye ta juye ruwan a randata, ruwan rijiyarsu, fari tas. Sannan ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Ta ce tun ranar dam ba ta yi barcin kirki ba. Duk gaisuwar da na yi mata tana jin kamar ina tuna mata ne cewa tana hannuna. Ta ɓata ni a gari don in na faɗa a ce ramuwa ce, ranar suna kuma ta gaji da jira, ta so in faɗa kowa ya huta. Ta ce ta san abin da ta faɗa a kan mahaifina ba ya yafuwa.

Na ce ni na fara, kuma nawa ya fi muni. Ta ce, “Ƙanwata, gobe ki zo da guganki.” Daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba.

Mun yi zaman arziki da ita. Ni na koya mata bandar kifi, ita ta koya mini yadda ake adana albasa a rumfa ta kai damina ba ta ruɓe ba. Ranar kasuwar Kafin Maiyaki tare muke haɗa kayanmu mu ba maigidana ya kai. In ta ji alamar ciwon zai taso, don takan ji wani ɗaci a baki kafin ya zo, sai ta aiko a ce ina da baƙuwa, in je in zauna da ita a ɗaki har ya wuce. A hankali kuma mata suka fara kawo mini maganganunsu, na miji da na suruka da na 'ya'ya, saboda sun lura abin da ya shiga kunnena ba ya fita. In biyu suka saɓa a unguwa akan ce a kira ni. Ba wai harshen ya mutu ba ne. Har yau da tsufana yakan yi ƙaiƙayi, kuma jikokina sun san in na fara gyara ɗankwali to a ba ni wuri.

Asirin ya kai shekara huɗu a wurina. Wata rana ana rabon abinci a gidan wani biki ciwon ya kama yayar tawa ba gargaɗi, a tsakiyar mata. Aka watse ana salati, wasu har da tsallake tukwane. Na je na ɗora kanta a cinyata kamar yadda na saba. Lokacin 'yarta ta haifi biyu a Dangora, ta zauna daram a ɗakinta. Da ta dawo hayyacinta ta ga an yi cirko-cirko daga nesa ana kallo, sai ta ce a matso. Da bakinta ta ba su labarin dam, da na ranar suna, ba ta rage komai ba, har da abin da ya sa ta zage ni. Na so in tashi, ta riƙe mini zane.

Kafin magariba labarin ya kai bakin ruwa. Maigidana ya dawo, ya jingine keke, ya tsaya a kaina ina hura wuta.

Ya ce, “Shekara huɗu, muna ɗaki ɗaya, ko ni ba ki gaya wa ba?”

Na ce, “Malam, ba maganata ba ce.”

Sai ya kwance buhun da ke bayan keken, ya zaro wani ƙaton giwan ruwa da ya yi niyyar kaiwa kasuwa, ya ajiye a gabana. Ya ce in dafa mana shi, in zuba a babban kwano in kai wa yayata rabi.